Gasar ƙirƙirar gem ta 'yan JHS: ina yaran zango suke?

Kalmar kodin ta shiga bakin kowa a Gana yanzu. Tun da Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin One Million Coders a watan Afrilun 2025, da alkawarin koya wa mutum miliyan ɗaya aikin kwamfuta, da wuya mako ya wuce ba ka ga hoton yara sanye da riguna iri ɗaya ba, an miƙa musu laftof, wani babba yana murmushi a gefe. Yawancin hotunan nan daga gasa suke fitowa. A tara 'yan ƙaramar sakandare, wato JHS, a ce kowa ya haɗa wasan kwamfuta nasa na kansa, wanda yara ke kira gem, alƙalai su duba su fitar da gwani. Ni malamin JHS ne a nan Kumasi, kuma kamar kowane ɗan zango, in na ga jerin waɗanda suka ci, sunaye nake fara bi ina neman namu. Akan samu, amma jefi-jefi. In ka auna da yawan yaran da ke cika azuzuwa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, ko Nima da Mamobi da Madina a Akra, lissafin bai fita ba.

Bari mu fara da mene ne ma ake gasar a kai, don iyaye da yawa da na zanta da su sun ɗauka gasar buga gem ce, irin wadda yara ke kashe kuɗin koko a kanta a shagon kan kwana. A'a. Manhajar da aka fi amfani da ita sunanta Scratch. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da ita a 2007, kyauta ce, kuma ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba intanet. Yaro ba ya rubuta dogon Turanci. Umarnin suna nan kamar bulo masu launi, ya jawo wannan ya ɗora a kan wancan: in an danna kibiyar dama, matsa taku goma, in ka taɓa bango, juyo, in ka kama ƙwallo, ƙara maki ɗaya. Filin wasan yana da awo, daga -240 zuwa 240 a kwance, daga -180 zuwa 180 a tsaye. To ka ga lambobin ƙasa da sifiri ɗin nan da muke fama da yara a kansu a darasin lissafi, ga su sun zama abin da yaro ke gani da idonsa, domin in ya sa -100 a inda ya kamata ya sa 100, magen da ke kan allon hagu za ta nufa, ba sai malam ya ja masa jan biro ba.

Abin da ya sa nake ganin gem ya fi sauran hanyoyin koyar da kodin ga ɗan shekara 12 zuwa 15 ke nan. Wasa doka ne. Duk wanda ya taɓa zama a gindin dara ya san sai ka jera uku kafin ka ci, kuma akwai jerin da ba a yarda da shi ba. 'Yan matan da ke ampe sun san wa ya ci wa ya faɗi tun ƙafa ba ta gama sauka ƙasa ba. Yaranmu sun iya doka, sun iya gardama a kanta. Sabon abu kawai shi ne a faɗa wa na'ura dokar dalla-dalla, ita da ba ta da hankalin cike gurbi. In wasan ya ƙi tafiya, dole yaro ya koma ya bi umarninsa ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ya karkace. Wannan haƙurin bin diddigi shi ne ribar, ko yaro ya zama injiniya ko ya gaji shagon babansa a kasuwar Kejetia.

Gasannin kuwa iri-iri ne. An yi na nahiya baki ɗaya. Kamfanin SAP ya fara Africa Code Week a 2015, a 2020 kuma aka ƙara masa gasar AfriCAN Code Challenge ta yara 'yan shekara 8 zuwa 16, inda ake haɗa gem da Scratch. Wadda ta zo ta ɗaya a karon farko yarinya ce 'yar shekara 10 daga Habasha, da wasan koyon lissafi. Akwai na gida, wanda ya fi kowanne girma shi ne Girls-in-ICT na Ma'aikatar Sadarwa: a je jiha, a ɗebi 'yan mata 1,000 da malamai 100, a horar da su, a yi musu gwaji, 100 na sama su tafi gida da laftof. Sai ƙananan gasanni na ƙungiyoyi da makarantun kuɗi da kamfanoni, waɗanda ke tasowa su ɓace kamar naman kaza.

A cikinsu duka, tsarin Girls-in-ICT ya fi adalci, don yana koyarwa kafin ya gwada, kuma yana shiga makarantun gwamnati har na ƙauye. Amma jihohi 16 gare mu, shirin kuma bi da bi yake zagayawa, 'yan jihohi kaɗan a shekara. JHS shekara uku ce. Ke nan yarinya tana iya shiga ta fita layi bai zo kan jiharsu ba. Wadda ta dace kuma, in ba ta shiga cikin 100 ɗin nan ba, za ta koma makarantar da ta baro, inda ɗakin kwamfutar, in ma akwai shi, ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Maza kuwa ba su cikin lissafin tun asali, alhali a zango yaron namiji ɗan shekara 14 ne muka fi tsoron titi ya ɗauke.

Sauran gasannin, gaskiyar magana, awoyi suke aunawa. Awa nawa yaro ya samu yana zaune gaban na'ura, hannunsa a kan maus, ba mai cewa tashi wani ya zauna. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce aji yana da yara 50, makaranta tana da kwamfuta 5 masu tashi, darasin kuma awa biyu ne a mako. Kowane yaro ya samu minti 12 ke nan, in wuta ba ta ɗauke ba, in ba a cinye rabin lokacin wajen neman makulli ba. A zangon karatu mai mako 12, bai kai awa biyu da rabi ba. Ɗan makarantar kuɗi da ke da laftof a ɗakinsa yana yin wannan a yammacin Asabar ɗaya. Sai a haɗa su ranar gasa a ce ga fili ga mai doki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa wancan tun bara gorarsa ke rataye. Ƙarshenta kyautar laftof ta tafi gidan da ke da laftof.

Wannan ba sabon labari ba ne. Kowa ya tuna Richard Appiah Akoto, malamin JHS na Betenase a Sekyedumase, nan jihar Ashanti, wanda a 2018 hotonsa ya zagaya duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli a kan allo saboda makarantarsu ba ta da kwamfuta. Shi ya dace, duniya ta gani, aka kai musu na'urori. Sauran malaman da ke zane irin nasa ba mai ɗaukar su hoto. Gwamnatin da ta wuce ta raba wa malamai laftof daga 2021, mu muka biya kashi 30 cikin 100 na kuɗin, a 2024 kuma aka fara raba wa 'yan babbar sakandare tablet. 'Yan JHS, su da ake so su yi gasar, su aka tsallake. Sannan da aka zo jarrabawar BECE ta 2024, ta farko a sabuwar manhajar karatu, darasin kwamfuta ya faɗa cikin waɗanda ba dole ba, tare da Faransanci da Larabci. Mun yi murna da shigar Larabci, kuma ta cancanci murna. Amma duk wanda ya san hedimasta ya san abin da yake yi da darasin da ba dole ba, wanda kuma ke cin kuɗin wuta.

Duk wannan laifin na sama ne, kuma za mu iya shekara muna faɗarsa a rediyo. Inda na fi so mu tsaya shi ne namu ɓangaren, don akwai abubuwa biyu da ke hannunmu, mu iyaye da malamai da limamai.

Na farko tsoro ne, kuma ba na raina shi. Kalmar sakawa da duk Gana ke kiran damfarar intanet da ita, tamu ce, Hausa ce, kuma duk wanda ya girma a zango a shekarun da shagunan intanet ke tashe ya san yaran da suka shiga da rigar makaranta suka fito da motar da ba a san asalinta ba, wasu kuma suka ƙare a kurkuku. Yanzu ga caca ta dawo cikin waya, yaro yana kwance a ɗaki yana zuba kuɗin makarantarsa a kan ƙwallon Turai. Uwar da ta ga wannan a gidan maƙwabta, ka zo mata da takarda ka ce ta sa hannu ɗanta zai shiga gasar gem, me kake so ta ce? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Wata Hajiya ta ce min, “Malam, ni karatu na kawo shi, ban kawo shi wasa ba.” Na ce, “Hajiya, ki zo ki gani da idonki, in bai yi miki ba ki tafi da shi.” Ta zo. Abin da yaron ke haɗawa wasan mai sayar da wake da shinkafa ne: mai saye ya miƙo sidi 20, ya ci na 13, kai kuma ka ba da canji kafin lokaci ya ƙare. Ta zauna ta buga sau uku, ta kuma gyara masa farashin ƙwai.

Abin da nake so iyaye su gane shi ne, yaron da ya taɓa haɗa gem da hannunsa ya fi wuyar yaudara. A Scratch akwai bulo ɗaya da ke zaɓo lamba a kan sa'a, tsakanin kaza da kaza. Ranar da yaro ya gane cewa shi mai wasan ne ke yanke sau nawa za a ci sau nawa za a faɗi, ya saita da kansa cewa a cikin goma sau ɗaya kawai za a dace, ya ga abokansa suna ta dannawa suna cewa saura kaɗan, to ranar ya gane abin da kamfanin caca ke yi masa. Na yi wa'azi a kan caca a aji ba adadi. Ban ga wanda ya shiga kunnen yara kamar wannan bulon ba.

Na biyu lokaci ne, kuma nan ne masu shirya gasa ba su san mu ba sam. Kusan duk horon share fage ranar Asabar da safe ake sa shi, ko Lahadi bayan an taso coci. A wurinsu ranakun hutu ne. A wurinmu kuwa Asabar da Lahadi su ne manyan ranakun makaranta, ta allo da ta Islamiyya, tun safe har azahar ko la'asar. A ranakun aiki ma yaro yana tasowa daga boko ya ci abinci ya ɗauki allo ko jaka ya wuce. 'Ya mace kuma ga tallan yamma ko taya uwa a wurin sana'a. Ke nan in aka ce Asabar ƙarfe tara, an ce wa uba ya zaɓa tsakanin Alƙur'ani da kwamfuta, kuma mun san abin da zai zaɓa, ni ma shi zan zaɓa wa nawa. Sai a rubuta a rahoto cewa 'yan zango ba su da sha'awa.

Alhali mafita tana nan cikin al'adarmu. Tun kakanni, makarantar allo ba ta zama Alhamis da Juma'a. Makarantu da yawa har yau a kan haka suke. Yammacin Alhamis, daga tashin boko zuwa magariba, awa biyu ne zuwa uku da ba na kowa ba, kuma su ne awoyin da yara ke ƙarewa a shagon gem ɗin da muke tsoro. In makaranta ta buɗe ɗakin kwamfutarta a wannan lokacin, ta ɗauki yara 15 kawai masu so, uku-uku a kan na'ura biyar, kowane rukuni zai samu awa 24 ko fiye a zango ɗaya. Kwatanta da awa biyu da rabi na ɗazu. Uku a kan na'ura ɗaya ma ba asara ba ce, don haka ake aikin a gaske: ɗaya ya zana, ɗaya ya jera umarni, ɗaya ya buga yana neman inda zai lalace. Kuma rabin aikin ba ya bukatar wuta. Labarin wasan, dokokinsa, hoton kowane mataki, duk a takarda ake fara su.

Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta ƙasa su ya fi kamata su fara, don a can malamin Larabci da malamin kwamfuta ɗakin malamai ɗaya suke zama, ba sai an aika wa juna takarda ba. In malamin Larabci ne ya ce wa iyaye ku bar su su zo, magana ta ƙare. In ma shi ya ba da aikin, a ce a haɗa wasan da harafi zai faɗo daga sama yaro ya kai shi mafitarsa, ko wasan jera matakan alwala, to ka ga an daina jayayya a kan na wa ne yaron.

Wani abu da ko malamai da yawa ba su lura da shi ba: in ka duba jerin harsunan Scratch, a cikinsu akwai Hausa. Abin dariya abin takaici, harshen da ba ya cikin waɗanda ake rubutawa a BECE, ga shi a manhajar da aka yi a Amurka. Fassarar ba irin Hausarmu ta zango ba ce, yara kan yi dariyar wasu kalmomin, amma ga yaron da Turanci ke yi masa shamaki, makon farko da Hausa yana sa ya gane cewa abin tunani ne, ba Turanci ba. Daga baya ya koma Turancin, tunda da shi za a yi gasar.

Ba daga sifiri za mu fara ba kuma. A Nima, shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya koya wa 'yan mata kodin tare da ƙungiyar Achievers Ghana, shekaru fiye da goma da suka wuce, lokacin da ake cewa iyayen zango ba za su taɓa yarda ba. Sun yarda, don an zo ta hannun mutanen unguwa. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ya yi nasa shirin na Zongo Coders. Waɗanda suka ci moriyar waɗannan yanzu manya ne, wasu suna aiki, suna nan cikinmu. Yammacin Alhamis ɗaya a wata ba zai gagare su ba in an roƙe su da mutunci. Ga mai tambayar ina abin zai kai yaro, kamfanin Leti Arts da Eyram Tawia ya kafa da abokinsa ɗan Kenya a 2009 yana nan a Akra, da tatsuniyar Ananse ya yi suna, wato Gizonsu. Namu Gizon da Ƙoƙi da Ɓotorami suna nan ba wanda ya taɓa su.

Su ma masu shirya gasa akwai abin da ya kamata mu nema a wurinsu, da murya ɗaya, ta bakin shugabannin makarantu da sarakunan zango. Gasar da ke cewa a ɗora wasa a intanet, a haɗa da bidiyon yaro yana bayani da Turanci, ta riga ta tace waɗanda za su shiga. A karɓi aiki a filash, a bar yaro ya yi bayani da harshen da ya fi iyawa. Sannan batun alƙalanci. Scratch yana ba kowa damar ɗaukar wasan wani ya sake masa fasali, YouTube cike yake da darussan kwafa, ga ChatGPT, ga kawu mai digirin kwamfuta. Wasan da aka kawo daga gida ya yi kyau sosai ba ya nuna wa ya yi shi. Gwajin gaskiya ɗaya ne: a zaunar da yaro gaban wasansa, a ce mayar da shi na mutum biyu, ko sa ya ƙara sauri duk bayan maki biyar, ga minti 15. Wanda ya gina da hannunsa zai san inda zai taɓa. A irin wannan gwajin ban jin tsoron a haɗa ɗalibaina da na kowace makaranta. Kyauta kuma, in laftof 10 za a bayar, gara a ba yaron ɗaya, tara su tafi makarantarsa da sharaɗin a buɗe ɗakin bayan an tashi.

Saura kuɗi, don na san nan za a tsaya. Abin da kulob ɗin Alhamis ke ci bai wuce kuɗin wuta na mita, da maus biyu ko uku da za su mutu a shekara, da ɗan abin da za a ba malamin da ya tsaya bayan an tashi ya hau trotro ba. Kuɗin da gwamnati ke ba makarantu a kan kowane ɗalibi ba ya isa, ba ya kuma zuwa a kan lokaci, saboda haka kada a jira shi. Unguwar da ke iya tara kuɗin kanofi da kujeru da abin magana na mauludi ko walimar saukar karatu cikin mako biyu tana iya ɗaukar wannan. A makarantarmu mun kai maganar gaban taron iyaye da malamai, mun nemi sidi biyu a kan kowane yaro a zango, an ce a kawo a rubuce a zama na gaba. Na rubuta, shafi ɗaya ne, duk malamin da ke so ya kwafa ya canza sunan makaranta ya kai wa nasa hedimastan.